Ƙamus ɗin Oxford a Fagen Ruwa: Ya San Teku, Bai San Gulbi Ba

Idan ka shiga kantin littattafai a Kano ko Zariya ko Sakkwato ka ce a ba ka ƙamus na Turanci mai kyau, galibi abin da za a ɗauko maka shi ne Oxford Advanced Learner's Dictionary, wanda ɗalibai ke kira Oxford kawai. Wani malamin Turanci ɗan Ingila, A. S. Hornby, shi ya haɗa shi lokacin da yake koyarwa a Japan. An fara buga shi a Tokyo a 1942 da wani suna dabam, maɗaba'ar Jami'ar Oxford ta fitar da shi a 1948, bugu na goma kuma ya shigo kasuwa a 2020. Tun asali don wanda ya koyi Turanci a aji aka yi shi, ba don wanda ya sha shi a nono ba. Shi ya sa ake bayanin kowace kalma da Turanci mai sauƙi, daga cikin wasu kalmomi kimanin 3,000 da aka ware don wannan aiki.

Fagen da ya fi tona asirin ƙamus a hannun Bahaushe shi ne fagen ruwa. Ƙasar Hausa tana da gulbi da tafki da fadama, amma ba ta da teku, daga Kano zuwa gaɓar Legas tafiyar kusan kilomita 1,000 ce. Su kuwa mutanen Ingila a tsibiri suke zaune, harshensu cike yake da kalmomin teku. Malamin jogurafi mai shirya yara jarrabawar WAEC ko NECO, da mai fassara labarai a gidan rediyo, da mai kiwon tarwaɗa da ke karanta rubutun jikin buhun abincin kifi, duk a nan suke cin karo da kalmomin da ba su da takwara a Hausa. A kan teku ƙamus ɗin nan gwani ne. A kan kifayen gulabenmu kuwa baƙo ne, kuma gara mai saye ya san haka kafin ya zaro kuɗinsa.

A fara da “tide”, don ita ce uwar matsalar. Ƙamus ɗin ya bayyana ta a jimla guda: hauhawa da saukar ruwan teku a kai a kai, sakamakon jan da wata da rana suke yi wa ruwan. Bayanin daidai ne. Abin da ya fi shi amfani ma shi ne misalan da ke biye, domin su ke nuna maka aikatau da kalmar ke tafiya da su. Bature yana cewa tide ya shigo, ya fita, ya juya, ba ya cewa ya bugi gaɓa. Wanda ya lura da wannan kaɗai ya tsira daga kuskuren da ya fi yawa a fassara, wato mayar da tide “igiyar ruwa”. Abubuwa uku ne daban da ake cusawa cikin wannan suna ɗaya. “Wave” shi ne tozon ruwan da iska ke tayarwa, ya zo ya fashe a gaɓa cikin daƙiƙu kaɗan, wanda wasu ke kira raƙuman ruwa ko taguwar ruwa. “Current” shi ne gudun ruwa zuwa wata fuska, irin wanda ke jan kwalekwale a tsakiyar kogin Kwara. Tide kuwa ba a ganinsa da ƙiftawar ido. Sai ka kafa sanda a bakin ruwa ka dawo bayan sa'a shida, ka tarar ko dai ruwa ya shanye ta, ko ya ja da baya ya bar ta a kan yashi. Fassarar da ta fi kusa ita ce cikar teku da janyewarsa.

Inda ƙamus ɗin ya tsaya ke nan, kuma ba laifinsa ba ne, ƙamus ba littafin jogurafi ba ne. Amma malami yana bukatar lissafi, sai ya nemo shi a wani wuri. A yawancin gaɓoɓin duniya teku yana cika sau biyu ya janye sau biyu a cikin sa'a 24 da minti 50. Tsakanin cika da cika sa'a 12 ne da minti 25, don haka kowace rana lokacin cikar yana jinkirta da kusan minti 50, daidai da yadda fitowar wata ke jinkirta. Ƙarfin da rana ke da shi a wannan aiki bai kai rabin na wata ba, duk da girmanta, saboda nisanta. Tazarar da ke tsakanin maƙurar cika da maƙurar janyewa, wadda ake kira “tidal range”, ta danganta da siffar gaɓa. A Legas ba ta cika wuce mita 1 ba, tana ƙaruwa in ana yin gabas har ta kai wajen mita 3 a yankin Kalaba. A mashigin Fundy na Kanada tana kai mita 16, saboda mashigin yana tsukewa kamar mazurari, ruwan da ya shigo ba shi da wajen zuwa sai sama. A Bahar Rum kuwa da ƙyar ake lura da ita.

“Spring tide” da “neap tide” su ne tambayar da masu jarrabawa ke so, kuma tarkon yana cikin sunan farko. Ɗalibi ya san spring a matsayin wani lokaci na shekara a Turai, sai ya rubuta cewa cika ce mai zuwa sau ɗaya a shekara. Ba haka ba ne, kuma ƙamus ɗin ya faɗa a sarari cewa da wata take tafiya. Sau biyu take zuwa a kowane wata, lokacin da rana da wata da duniya suka jeru a layi ɗaya, jansu ya haɗu, cikar ta yi yawa, janyewar ma ta yi nisa. Neap ita ce kishiyarta, lokacin da jan rana da na wata suka saɓa, ruwan bai hau sosai ba bai kuma sauka sosai ba. Ga mai lissafi da watan Musulunci abin ya fi sauƙi fiye da yadda yake ga Bature: babbar cika tana zuwa wajen tsayuwar wata da kuma kwana ɗaya ko biyu bayan daren sha huɗu, ƙaramar kuma wajen 8 ga wata da 23 ga wata. Malamin da ya koyar da shi ta wannan hanya ba ya bukatar zane mai yawa a allo.

Akwai matsalar tsari da mai littafin takarda zai sani. Sunayen da aka haɗa da kalma biyu kowanne yana ƙarƙashin harafinsa na farko. Neap tide tana N, spring tide tana S, high tide tana H, low tide tana L. Wanda ya karanta tide kaɗai ya rufe littafi ya sami kashi ɗaya ne cikin dangin. Dole a bi ƴan manuniyar “see also” da ke ƙarshen bayani ɗaya bayan ɗaya. A shafin intanet na ƙamus ɗin wannan wahala ba ta taso ba, domin da ka rubuta kalma za a jero maka sauran da ke ɗauke da ita a gefe.

Biyu daga cikin dangin nan suna iya jawo ɓarna a labarai. “Flood tide” ba ambaliya ba ce, hauhawar teku ce ta yau da kullum, kishiyar “ebb”, wato janyewa. Mai fassarar da ya ga flood ya ce ambaliya ya tayar da hankalin masu sauraro a banza. “Tidal wave” kuma suna ne da ya zauna a baki bisa kuskure, ana amfani da shi ga tsunami alhali tsunami ba ruwanta da wata. Girgizar ƙasa a ƙarƙashin teku ce ke haddasa ta, irin ta tekun Indiya a ranar 26 ga Disamba 2004 wadda ta hallaka mutum fiye da 200,000, da ta Japan a ranar 11 ga Maris 2011. Abin da guguwa ke turowa kan tudu shi kuma “storm surge” ne, na uku ke nan. Sai “rip current”, wanda ya kamata duk mai kai yara bakin teku a Legas ya sani: siririn gudun ruwa ne mai komawa cikin teku daga gaɓa da ƙarfi. Wanda ya faɗa ciki ba ya yin iyo kai tsaye zuwa tudu, zai gaji ne kawai. Gefe ake yi, a bi tsawon gaɓa har a fita daga bakinsa, sannan a juyo. Ƙamus zai ba ka ma'anar, ba zai ba ka wannan dabarar ba.

Wurin da Oxford ya cancanci kuɗinsa shi ne rarrabe kalmomi masu kama da juna da kuma nuna bambancin Turancin Ingila da na Amurka. Yana da ƴan akwatuna na bayani a cikin shafi, akwai na “sea” da “ocean”, akwai na “coast” da danginta irin su “beach”. Daga nan za ka gane cewa coast ƙasar da ke bakin teku ce gaba ɗaya, beach kuma filin yashi ko tsakuwa ne da ake zama a kai, “shore” tana aiki ga teku da tafki, “bank” kuma ta kogi ce. Duk a Hausa gaɓa ce ko baki, don haka daga Turanci zuwa Hausa babu wahala, amma ɗalibi mai rubuta insha'i da Turanci a nan yake zubar da maki. “Creek” a Ingila siririn hannun teku ne da ya kutsa cikin ƙasa, a Amurka kuma rafi ne. Creeks na yankin Neja Delta ma'anar Ingila suka bi, don haka kiransu rafuka yana rage musu girma, jirage masu inji ke bin su.

Haka “estuary” da “delta”. A na farko kogi yana buɗe baki guda mai faɗi inda ruwan teku ke shigowa ya gauraya da shi, kamar bakin kogin Cross kusa da Kalaba. A na biyu kogin ne ke rarrabuwa rassa rassa a kan laka da yashin da ya tara, kamar yadda Kwara ta yi kafin ta faɗa tekun Atlantika. “Tributary” reshe ne mai zuba a babban kogi, “confluence” kuma mahaɗa ce, irin ta Lakwaja inda Binuwai ta haɗu da Kwara. “Strait” mashigi ne na halitta kamar Hormuz da Babul Mandab, “canal” kuwa mutum ne ya haƙa, kamar Suwez da aka buɗe a 1869. Bayanin waɗannan duka a ƙamus ɗin gajere ne kuma tsaf. Abin da ba zai yi maka ba shi ne ya gargaɗe ka cewa sunan wuri yana iya yin ƙarya: Caspian Sea da Dead Sea duk tafkuna ne, ƙasa ta kewaye su.

“Fresh water” tana ruɗar mutane fiye da yadda ake zato. Ba sabon ruwa ba ne, ba kuma ruwa mai tsabta ba, ruwan daɗi ne, wanda ba na gishiri ba. Ruwan kududdufi mai kore ma fresh water ne. Wanda ya dace a sha shi ne “potable” ko “drinking water”. A tsakanin na daɗi da na gishiri akwai “brackish”, mai ɗan zartsi, irin na lagun ɗin Legas, wato tafkin da ke haɗe da teku. Ƙamus ɗin zai ce mai ɗan gishiri ne, bai ba da awo ba. Awon da masana ke bi shi ne: ruwan daɗi ƙasa da rabin giram na gishiri a lita, ruwan teku kimanin giram 35 a lita, brackish abin da ke tsakani. A nan ne ma “dam” ke shigowa. Mu kan ce dam ɗin Tiga ko na Kainji muna nufin bangon da ruwan duka. A Turancin ƙamus dam bangon ne, ruwan da ya taru a bayansa “reservoir” ne. Ga mai labarai bambancin “release”, “overflow” da “collapse” ba ƙarami ba ne. Sakin ruwa da gangan, kamar yadda ake yi a Lagdo ta Kamaru, daban yake da tumbatsa, daban kuma da ɓallewa irin ta madatsar Alau da ta jefa Maiduguri cikin ruwa a Satumbar 2024.

Labaran haɗarin jirgin ruwa, waɗanda ba sa yankewa a jihohin Neja da Kebbi da Kwara, suna da nasu. “Capsize” kifewa ne, “sink” nutsewa, “run aground” kuma jirgi ya hau yashi ya kafe. “Drown” idan an faɗe ta a shuɗaɗɗen lokaci tana nufin mutum ya mutu, ba wai ya nutse an ceto shi ba. Kalmarmu ta nutsewa tana ɗaukar duka biyun, don haka mai fassara ya ƙara “ya rasu” in ya ga drowned, kada ya bar iyalai cikin shakka. Awon masu jirgi kuma, irin su “knot”, “nautical mile” da “fathom”, ƙamus ɗin yana ba da adadinsu, abin yabo ne: mil ɗin teku mita 1,852, knot mil ɗin teku ɗaya a sa'a, fathom ƙafa 6.

Sai dabbobi, inda labari ya canza.

Buɗe “catfish”. Za a ce maka kifi ne mai dogayen gashin baki. Gaskiya ne, amma masunci a Yawuri ko Baga zai yi dariya, domin a wurinsa wannan bayani ya haɗa tarwaɗa da ramboshi da kurungu da ragon ruwa da minjirya mai jan mutum da lantarki, kowanne da farashinsa da yadda ake kama shi da yadda yake yi a banda. A nan Hausa ce mai arziki, Turancin yau da kullum ne matalauci. “Perch” ya fi muni. Bayanin da ke ƙamus na wani matsakaicin kifin ruwan daɗi ne da aka sani a Turai. Wanda ya ɗauki wannan hoto ya kai kan “Nile perch” ya ɓata hanya, domin Nile perch shi ne giwan ruwa, wanda ke iya kai tsawon mita 2 da nauyin kilo 200. Tsage da bargi da sauran kifayen da ake jerawa a kan tebur a kasuwanninmu ba su ne aka yi littafin dominsu ba. Karfasa ta yi sa'a, sunanta na “tilapia” ya zagaya duniya. Gaiwa ita ce “lungfish”, kuma sunan Turancin yana da amfani a aji tunda ya ambaci huhu, abin da ke ba ta damar kwanciya cikin busasshiyar laka har damina ta dawo.

Babban giɓin shi ne ƙamus ɗin ba ya ba da sunan kimiyya na Latin. Ba aikinsa ba ne, amma a fagen kifi wannan suna shi ne gada ɗaya tilo da ba ta karyewa. Hanyar da ke aiki ita ce a haɗa abu uku. A fara da Oxford don a san wane irin halitta ake magana a kai, kifi ne ko mai ɓawo ko mai shayarwa. Sannan a je rumbun FishBase na intanet, wanda kyauta ne, a rubuta sunan Turancin a ɗauko na Latin da hoto, sau da yawa ma har da sunan Hausa a jerin sunayen gargajiya. Daga nan a nuna hoton ga mai sayar da kifi ko wani daga cikin masunta ya tabbatar, domin suna ɗaya yana iya nufin kifi biyu tsakanin Sakkwato da Tafkin Chadi. Tsohon ƙamus ɗin Bargery na 1934, na Hausa zuwa Turanci, yana taimakawa wajen tabbatar da tsofaffin sunaye. Wanda ya tsallake mataki na biyu shi ne ke rubuta sardin a inda ake nufin kawara.

Turancin kasuwar Najeriya wani tarko ne na daban. Ƙamus ɗin yana da alamar Turancin Afirka ta Yamma a kan wasu kalmomi, amma kada ka dogara da shi a rumfar mai kifin ƙanƙara. Abin da ake kira titus shi ne “mackerel”, kote shi ne “horse mackerel”, shawa galibi “herring” ne, panla kuma yawanci “hake”. Sunan gaskiya yana jikin kwali, da Latin, kusa da nauyi da ƙasar da aka kamo shi. “Crayfish” a ƙamus halitta ce mai kama da ƙaramin “lobster” (wani babban ɗan'uwan ƙaguwa na teku), mai hannaye biyu na cizo. Crayfish ɗin da ake aunawa a mudu a daka a zuba a miya kuwa busassun ƙananan jatan lande ne, wato “shrimp”. Mai rubuta takardar fitar da kaya waje da ya bi sunan kasuwa ya rubuta abin da ba shi ke cikin buhu ba. “Prawn” da shrimp su ma sun danganta da bakin mai magana, Ingila ta fi cewa prawn ga manya, Amurka ta ce shrimp ga duka, kuma ƙamus ɗin ya nuna wannan da kyau. “Periwinkle” ma'ana biyu gare ta, wata fure ce, wata kuma ɗan dodon koɗin da mutanen kudu ke sawa a miya.

Ga ɗalibin bayoloji, ƙamus ɗin yana gyara kurakurai da dama cikin sauƙi. “Whale” da “dolphin” ba kifaye ba ne, da huhu suke numfashi kuma suna shayar da ƴaƴansu, kamar ayu, wanda shi ne “manatee”. “Shark” kifi ne na gaske. “Jellyfish”, “starfish” da “shellfish” duk suna ɗauke da fish a suna amma babu kifi a cikinsu. Shellfish ta haɗa ƙaguwa da jatan lande da masu kwanson wuri, kuma kalma ce da mai rashin jituwa da wasu abinci ya kamata ya gane a jikin gwangwani. Kada “crocodile” ne. “Alligator” da ake yawan ji a bakin mutane babu shi a Afirka, a Amurka da Sin kawai yake. A Turancin Ingila kunkurun tudu “tortoise” ne, na teku “turtle”, ƙaramin na ruwan daɗi “terrapin”, Amurkawa kuwa suna iya kiran duka turtle. Kififiya tana ɓangaren na ruwa. Shafukan hotuna masu launi da ke ƙarshen littafin suna taimakawa ƙwarai a nan, ganin ƙaguwa da lobster gefe da gefe ya fi bayanin sakin layi guda.

Mai kiwon kifi zai sami rabin bukatarsa. “Fry”, “spawn”, “roe” da “hatchery” duk kalmomin Turanci ne na gama-gari, kuma tsarin ƙamus ɗin zai hana ka ɗaukar fry na ƴaƴan kifi a matsayin suya. Amma matakan da masu ƙyanƙyasa ke sayarwa da su, fingerling da post-fingerling da juvenile da jumbo, yaren sana'a ne, kuma girman da ake nufi yana bambanta daga gona zuwa gona. Babu ƙamus da zai raba wannan gardama. A tambayi mai sayarwa tsawo da santimita, nauyi da giram, da makonni nawa da ƙyanƙyasa, domin da wannan ake zaɓar girman ƙwayar abinci. Wanda ya sayi ƙanana da sunan juvenile ya watsa musu ƙwaya mai milimita 3 zai ga abinci yana yawo a saman ruwa har ya ruɓe ya ɓata tafkin, kifin kuma suna cin junansu don yunwa.

Furuci wani dalili ne na amfani da shafin intanet ko manhajar waya maimakon takarda. Kalmomin ruwa suna da haruffan da ba a furtawa da yawa. Ba a faɗin l a “salmon”, ba a faɗin s a “island”, “quay” ana karanta ta “kii”, “buoy” a Ingila “boi” ce, Amurkawa da yawa kuma su ce “buui”. “Bass” na kifi da bass na kiɗa rubutu ɗaya ne, sauti biyu. A shafin akwai maɓalli biyu ga kowace kalma, muryar Ingila da ta Amurka, kuma neman ma'ana a can kyauta ne, data kawai za ka kashe. Manhajar waya ana sauke ta ba kuɗi, amma cikakken ƙamus ɗin sai an biya, ribarta ita ce tana aiki ko babu sabis. A takarda kuwa sai ka iya karanta alamomin furuci, waɗanda ɗalibai kaɗan ne aka koya wa.

Kalmomi masu ma'ana barkatai suna bukatar haƙuri: seal, sole, ray, bed, mouth, sound, spring. Ma'anar ruwa ba ta cika zuwa ta farko ba. A dogayen bayanai ƙamus ɗin yana sa ƴan kanun jagora gaban kowace ma'ana, a bi su da ido har ƙasa kafin a yanke hukunci. Karin magana irin su “turn the tide” da “stem the tide” suna ƙarshen bayani, kuma a labaran siyasa da yaƙi su aka fi cin karo da su, ba tekun kansa ba. Na farko reshe ya juye da mujiya ne ko al'amura sun sauya alƙibla, na biyu daƙile abu kafin ya yi yawa.

Wajen saye, jabu ta yi yawa a kasuwa, kuma a wannan fage tana cutarwa fiye da ko'ina, saboda shafukan hotunan ne ke fara lalacewa. A jabun bugu launi yana dusashewa, ƙaguwa da jatan lande su zama baƙin tabo iri ɗaya. Kafin ka biya, buɗe tsakiyar littafin ka danna ka ga ko ɗinkin zai riƙe, littafi ne mai shafi kusan 2,000, gam kaɗai ba ya ɗaukarsa. Ɗaga shafi ɗaya ga haske, in rubutun baya ya rinjayi na gaba takardar ba ta kirki ba ce. Duba lambobin shafi a wurare uku ko huɗu, domin jabu kan tsallake damin shafuka ko ta maimaita. Dubi ƙananan alamomin furuci, in sun cakuɗe to hoton littafi aka ɗauka aka buga. Wasu bugu na asali suna zuwa da lambar shiga ƙarin ayyuka a intanet, a tabbatar ba a kankare ta ba. Akwai kuma bugu na ɗalibai mai rahusa da maɗaba'ar ke fitarwa don ƙasashe irin namu, shi na halak ne, kada a rikita shi da jabu don ganin bangonsa mai laushi.

Wanda ke da bugu na takwas na 2010 ko na tara na 2015 ba ya bukatar sabo don waɗannan kalmomi, ma'anar estuary da neap tide ba ta motsa ba. Tsohon bugu na asali daga masu sayar da littattafan hannu ya fi sabon jabu nesa ba kusa ba, in dai shafukan hotunan ƙarshe suna nan, don su ne yara ke fara yagewa.